Yadda na ɗumama ɗakin aikina na bayan gida a sanyin Ingila ba tare da kuɗin wuta ya karya ni ba

Duk wanda yake zaune a ƙasar nan kuma yake da ɗan ɗakin katako ko gareji a bayan gida, wanda ba ya haɗe da ainihin gidan, ya san abin da zan faɗa. Da bazara wurin daɗi gare shi, ka shiga ka yi aikinka hankali kwance, amma da zarar Nuwamba ta kama shikenan, ka shiga minti goma yatsunka sun ƙi lanƙwasuwa, guduma ma sai ka ji kamar ƙanƙara ka riƙe. Ni a wajen Mancesta nake, aikin kafinta nake yi bayan na taso daga aikin albashi, ina gyara kujeru da teburori da haɗa kanta, uwargida kuma tana da keken ɗinkinta a lungu ɗaya. Ɗakin mita 3 ne a mita 4, tsayinsa mita 2.2, katako ne siriri kawai tsakaninka da waje. A Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba, wato duk aikin da zan yi a cikin dare ne, lokacin da sanyin ya fi cizo.

Abin da ya sa na zauna na yi wa lamarin karatun ta-natsu shi ne sanyin ƙarshen 2022. A lokacin yunit ɗaya na wuta, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, ya kai wajen fens 34, ni kuma ina kunna hita mai fanka tun daga shigata har fitata, ga shi ko ɗumin kirki ba na ji, ina kashewa minti biyar wurin ya koma yadda yake. Da takardar kuɗin wuta ta zo na san ba za a ci gaba a haka ba. Abin da na gano a taƙaice, kuma shi ne zan yi ta maimaitawa a nan: hita ita ce ta ƙarshe a cikin abin da za ka saya. Ka fara hana zafin gudu tukuna.

Amma kafin komai bari in yi maganar gawayi, domin ita ce ta fi damuna.

Gawayi kada ya shiga ɗakin nan

Mu da muka taso a gida, idan hunturu ya shigo an saba a zuba garwashi a kasko ko kurfoti a shigo da shi ɗaki a ji ɗumi, to hankalin mutum nan yake fara zuwa, musamman da yake kusan kowa yana da abin gashin nama da ragowar buhun gawayi tun bazara. Na taɓa zuwa wajen wani ɗan'uwa na same shi a gareji ya ja ƙofa ya rufe ruf, gawayi na ci a gefe, yana ce min kansa ne yake ɗan ciwo tun ɗazu. Wallahi ban tsaya gaisawa ba na wangale ƙofar na fito da shi. Gawayi yana fitar da iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma ko bayan wutar ta lafa ta zama toka-toka yana ci gaba da fitar da ita. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da jin barci, mutum yana cewa bari in ɗan kishingiɗa, daga nan sai dai labari. Ko a gida ma tana kashe mutane, balle a nan da za ka bi ka toshe kowace kafa. In ka ji waɗannan alamu ka fita waje nan take, in wani ya suma ko numfashi ya yi masa wuya a kira lambar gaggawa 999, in abin da sauƙi a kira lambar shawarar lafiya 111. Haka janareta, haka risho, haka barin injin mota yana aiki a cikin gareji, duk hukuncinsu ɗaya.

Saboda haka sayayyarka ta farko ƙararrawar gano wannan iska ce, ka duba a jikin kwalin akwai lambar EN 50291, kuɗinta bai wuce fam 20 da ɗan wani abu ba. In wutar lantarki kaɗai za ka yi amfani da ita ba dole ba ce, amma in dai akwai abin da zai ƙone a ɗakin, gas ne ko dizal ko itace, to babu ita babu kunnawa.

Mataki na farko: ka san ɗumin da kake nema

Kuskurena na farko shi ne ina so ɗakin ya zama kamar falo. Ba ka buƙatar digiri 21 a wurin da kake tsaye kana yanka kana bugawa. Hukumar HSE mai kula da lafiyar ma'aikata a ƙasar nan ta ce wurin aiki ya kai aƙalla digiri 16, in kuma aikin ƙarfi ne digiri 13 ya wadatar. Ni 13 zuwa 14 nake nema, uwargida da yake a zaune take ɗinki tana son 16 ko 17. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi mai nuna danshi a jiki, arha ne, ka rataye shi daidai ƙirjinka nesa da hita, ka yi sati kana duba shi kafin ka kashe ko kwabo a kan wani abu. Kuma ka faɗa wa kanka gaskiya awa nawa kake yi a ciki. Wanda yake shiga awa biyu ranar Asabar kawai da wanda yake awa huɗu kullum, ba hanya ɗaya za su bi ba, na farkon ya toshe kafofi ya nemi hitar da za ta haska jikinsa ya isa, na biyun shi ne zai ci ribar lulluɓe ɗakin gaba ɗaya.

Mataki na biyu: toshe kafofi

Wannan shi ne aiki mafi arha kuma shi ya fi saurin nuna kansa. Ka jira ranar da ake iska, ka shiga ka rufe ƙofa, ka kunna tsinken turare ɗaya ka riƙa bi da shi gefen ƙofa, gefen taga, inda bango ya haɗu da rufi, inda ya haɗu da ƙasa, da inda waya ta shigo. Duk inda hayaƙin ya karkace, to ga ɓarauniyar hanya nan. Da rana kuma ka kashe fitila ka duba inda haske ke shigowa. A nawa ɗakin ƙasan ƙofa kaɗai yatsana biyu suna shiga.

Gefen ƙofa ka liƙa robar nan mai gam a baya da ake sayarwa a nannaɗe, ƙasan ƙofa ka ɗaura mai kama da buroshi, in babu ma tsohon kafet ka yanka ka buga da ƙusa. Ƙananan tsaga ka cike da silikon, manya ka fesa musu kumfar nan ta gwangwani mai kumbura, amma kaɗan-kaɗan domin tana ninkuwa sosai, in ta yi yawa a jikin firam ɗin ƙofa sai ta tura shi ƙofar ta ƙi rufuwa. Taga in mai gilashi ɗaya ce ko roba, ka yanko farantin roba mai haske ka ɗaura ta ciki ka bar ɗan fili tsakaninsu, in kuɗi bai kai nan ba ledar nan mai ƙwayayen iska da ake naɗe kaya da ita, ka fesa wa gilashin ruwa ka manna ta, za ta zauna har bazara kuma haske yana shigowa. In gareji ne mai babbar ƙofar ƙarfe, ita ce babbar matsalarka, ka liƙa mata allon soso mai riƙe zafi ta ciki amma mara nauyi don kada ta gagari ɗagawa, ko ka rataya labule mai kauri ko tsohon bargo a bayanta.

Sai dai kada ka toshe komai da komai. Ka bar ƙaramar kafar iska guda biyu masu murfi, ɗaya ƙasa ɗaya sama a bangon da ke kallonta, waɗanda kai ne za ka buɗe ka rufe. Iskar da kake iko da ita daban, wadda take shigowa yadda ta ga dama daban.

Mataki na uku: lulluɓe ɗakin, rufi tukuna

Nan ne kuɗin yake, kuma nan ne ribar take, don haka bari in yi lissafin a fili. Bangona huɗu sun kai murabba'in mita 31, rufi 12, jimla 43. Siririn katako yana zubar da kusan wat 4 a kowane murabba'in mita kan kowane digiri ɗaya na bambanci tsakanin ciki da waje. In waje yana digiri 2 ni kuma ina son 14, bambanci 12 ke nan, 43 sau 4 sau 12 ya haura wat 2,000. Ka ga dalilin da hitata mai kilowat 2 take aiki ba hutawa kuma ba a ganin komai, duk abin da ta bayar bango ya miƙa wa waje. Da na saka allon soso mai kaurin milimita 50, wannan wat 4 ɗin ya sauko zuwa kusan rabin wat, wato 43 sau rabi sau 12, wajen wat 260. Ka ƙara na ƙasa da taga da ƙofa da iskar da ke shiga, a ce 600 zuwa 700. Kashi ɗaya cikin uku ke nan na abin da nake ƙonawa da.

Abin lulluɓewar kala uku ne a kasuwa. Akwai allon soso mai tauri mai azurfa a fuska biyu, irin na Celotex ko Kingspan, shi ya fi riƙe zafi a ƙaramin kauri, kuma a ƙaramin ɗaki kauri yana da muhimmanci don kowace santimita filinka ce. Akwai mai kama da auduga irin na Rockwool, ya fi arha, ba ya kama wuta, yana kuma rage ƙarar inji wanda maƙwabta za su gode maka, amma sai ka kusan ninka kaurin kafin ya kamo na farkon. Sai farin soso irin wanda ake saka wa talabijin a kwali, shi ne mafi arha, amma yana cin wuta kuma in ya daɗe yana taɓa wayar lantarki yana lalata robar jikinta, don haka kada su haɗu. Ledar azurfa siririya da ake tallatawa cewa ita kaɗai ta isa, ni ban ga ta yi abin da ake faɗa ba, tana tare iska dai, amma ba za ta maye gurbin allo ba.

Allo ɗaya mita 2.4 ne a 1.2, ni 14 na buƙata. Ban sayi sabo ko ɗaya ba. Na yi wata guda ina bin shafukan saye da sayarwa na Facebook Marketplace da Gumtree, masu gini suna sayar da ragowa da waɗanda gefensu ya ɗan fashe a kan rabin kuɗi ko ƙasa, wani ma kyauta ya ba ni gutsattsari don in kwashe masa. Tunda yanka su za ka yi, fashewar gefe ba ta dame ka ba. In da hali ka fara neman tun Agusta, da sanyi ya shigo kowa nema yake.

Ka fara da rufi, in kuɗin ya ƙare a nan ma ka ci riba babba. Ka auna tsakanin katakon rufi, ka yanka allon da zarto ko doguwar wuƙa daidai yadda sai ka ɗan tura zai shiga, ka bar fili kamar milimita 50 tsakaninsa da saman rufin don iska ta riƙa wucewa, a bango kuma milimita 25 ya isa. Wannan filin kada ka yi wasa da shi, shi ne yake hana katakon waje ruɓewa. Bayan ka jera, duk wata tsaga ka cike da kumfa, sannan ka bi duk mahaɗa da salatif ɗin azurfa har kan katakon, ta yadda fuskar ciki za ta zama shafe ɗaya. Dalili shi ne numfashinka da tururin shayinka suna cikin iskar ɗakin, in suka sami hanya suka kai ga katako mai sanyi sai su zama ruwa a inda ba ka gani, shekara biyu sai ka ji wari ka ga baƙi-baƙi. In mai audugar ka saka, to dole ka shimfiɗa leda mai kauri a kansa ta ɓangaren ciki, wato ɓangaren ɗumi, kada ka saka ta ta waje. Ka sa takunkumi da tabarau da doguwar riga lokacin yankan, ƙaiƙayinsa ba daɗi.

Daga nan ka rufe da falanki, filawud ko allon OSB, wanda ake matsewa da ɓarɓashin katako, mai milimita 9 ko 11. Yana kare soson daga tartsatsi kuma ka sami inda za ka rataye kayan aiki. In walda kake yi ko gurza ƙarfe, ka yi amfani da mai audugar ka rufe da allon filasta. Wayoyin wuta kuma a bi da su ta saman falankin a cikin bututunsu, kada a binne su cikin soso, suna ɗaukar zafi.

Gargaɗi ɗaya ga masu tsohon gareji: in rufin irin kwanon siminti ne mai tudu da kwari kuma an gina shi kafin shekarar 2000, zai iya kasancewa da asbestos a ciki, sai a 1999 aka gama haramta shi a ƙasar nan. Kada ka huda, kada ka yanka, kada ka kankare, ka sa a gwada tukuna. In kuma gidan haya kake, ka nemi izinin mai gida a rubuce kafin ka buga ƙusa ko ɗaya.

Ƙasa kuwa, in siminti ne shi yake shanye ɗumin ƙafarka. Mai cikakken aiki ya shimfiɗa leda, ya ɗora allon soso milimita 25, ya ɗora filawud milimita 18. Ni tabarmar roba mai haɗe-haɗe irin ta wurin motsa jiki na shimfiɗa a inda nake tsayawa da ƙarƙashin keken ɗinki, kuma ta yi.

Mataki na huɗu: wutar da ta zo ɗakin

Kafin hita, ka duba ta ina wutar take zuwa. Fulogin Ingila amf 13 ne iyakarsa, a kan bolt 230 kusan kilowat 3 ke nan, kuma wannan na duk abin da ka jona ne gaba ɗaya, hita da zarto da injin zuƙe ƙura. Ni da farko doguwar waya mai naɗi na ja daga kicin, ban warware ta duka ba, wata rana na ji ƙauri na taɓa na ji robar ta yi laushi. Wayar da take a naɗe ba ta ɗaukar ko kashi ɗaya cikin uku na abin da take ɗauka a warware, a rubuce yake a jikinta, ka duba. In dole sai ka yi amfani da ita na ɗan lokaci, ka warware ta ƙarƙaf, ka jona ta da abin yanke wuta na RCD, kada ka jona wata a kan wata, in ka gama ka naɗe ka shigar. Na dindindin kuwa waya mai sulke ake binnewa daga gida zuwa ɗakin, kuma a Ingila da Wales sabon layi irin wannan yana ƙarƙashin dokar gini da ake kira Part P tun 2005, mai gyaran wuta mai rajista ne zai yi ya ba ka takarda. Takardar nan ka adana ta, ranar da wani abu ya faru ita kamfanin inshora zai tambaya. Wannan shi ne wuri ɗaya da ban nemi arha ba.

Mataki na biyar: yanzu sai hita

Abu ɗaya da zai hana a cuce ka: duk hitar lantarki ta jonawa, ta fam 15 da ta fam 300, in ta ci kilowat ɗaya zafin kilowat ɗaya za ta bayar, babu wadda ta fi wata. Bambancin kawai ta yaya zafin yake zuwa maka. A 2025 yunit yana tsakanin fens 25 da 27, to hita mai kilowat 2 in ta yi awa ɗaya cur ta ci fens 52 ke nan, awa huɗu fam 2 da ɗoriya, kwana 20 ya haura fam 40. A ɗakin da aka lulluɓe kuwa na'urar daidaita zafi tana kashe ta tana kunnawa, yawancin lokacin a kashe take.

Mai fanka tana ɗumama iska da sauri, amma tana zuƙar garin katako tana ɗora shi kan wayar da ta yi ja, ga kafinta ban so ta ba sai dai minti goma na farko kafin a fara yanka. Mai mai a ciki, wadda take kama da radiyeton gida, tana da nawa wajen tashi amma babu abin da yake ja a jikinta, ita ce na fi natsuwa da ita inda akwai ƙura da yadi. Sai mai haska zafi wadda ba ruwanta da iska, jikinka take ɗumamawa kai tsaye kamar hantsi, ita ce ta mai shiga na ɗan lokaci ko wanda bai lulluɓe ɗaki ba, amma a kafe ta a bango can sama tana kallon teburin aiki, a riƙa goge mata ƙura. Abin da muka tsaya a kai yanzu shi ne mai mai guda ɗaya, ina kunna ta minti 40 kafin in shiga, da ƙaramar mai haskawa a saman keken ɗinki. Kowace iri ce a bar mata fili mita ɗaya, kada a shanya komai a kanta.

Hitar dizal da ta yi tashe a 'yan shekarun nan, asalinta ta manyan motoci da jiragen ruwa ce, yanzu ana kawo masu arha daga Sin. Kyawunta shi ne wutar tana ci a rufaffen wuri, hayaƙin ya fita ta salansa, iskar da take hurowa busasshiya ce. Litar dizal tana ɗauke da kusan yunit 10 na zafi, ko an cire wanda ya bi salansa zafin yana zuwa ƙasa da na lantarki a kuɗi, kuma tana shan tsakanin kashi ɗaya cikin goma na lita zuwa rabin lita a awa. Ga babban gareji tana da amfani sosai. Amma sharuɗɗanta ba wasa: salansa ya fita waje ta cikin hannun ƙarfe domin yana zafin da zai kunna katako, ya yi nesa da taga da ƙofa da shingen maƙwabci, a duba mahaɗarsa kullum, ƙararrawa tana rataye. Bolt 12 take amfani da shi, kuma kada ka zare mata wuta tana cikin aiki, ka kashe ta a maɓalli ka bari fankar ta gama huce ta, shi ya sa masu hankali suke haɗa ta da batir ko da wuta za ta ɗauke. A ɗaki irin nawa bayan lulluɓewa ta yi yawa, shi ya sa ban saka ba.

Hitar tukunyar gas da ta kananzir marasa bututun hayaƙi, su ban ba ka shawara ba ko kaɗan. Ban da maganar iska mai guba, kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana sakin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a cikin ɗakin, washegari ka zo ka tarar da tsatsa ta hau zarto da duk wani ƙarfe, yadi ya yi laima. Kuma sai ka buɗe taga kafin ka kunna su, to ina amfanin toshewar da ka yi.

Murhun itace kuma kowane kafinta yana sha'awarsa don yana ganin ga gutsattsarin katako kyauta. Ka fara duba shafin kansul ɗinku, yawancin manyan garuruwa suna cikin yankin hana hayaƙi, dokar ta samo asali tun 1956 bayan hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a 1952, kuma yau a Ingila ana iya cin ka tarar fam 175 zuwa 300 kan hayaƙin bututu. Sai murhun da aka amince da shi, da bututu mai rufi biyu, da dandamalin da ba ya cin wuta, kafin ka gama kuɗin ya wuce na lulluɓewa da hita a haɗe. Kuma allon garin katako da ake kira MDF da filawud da katako mai fenti ko mai maganin ruɓewa ba a ƙona su, guba ne hayaƙinsu.

Danshi, gam da batir

Akwai abin da ba wanda ya gaya min sai da na gani. In ƙarfe ya kwana cikin sanyi ka zo ka buga masa zafi farat ɗaya, sai ya yi gumi kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firij, tsatsa ke nan. Maganinsa ka riƙa ɗaga zafin a hankali, ka shafa wa fuskar injina kakin goge katako, ka lulluɓe su da tsohon zanin gado ban da leda. In ma'auninka yana nuna danshi sama da kashi 70 kullum, ka nemi na'urar tsotse danshi, amma irin mai garin tsotsewa a ciki, domin mai kwamfuresa irin ta firij ba ta aikin kirki in ɗaki ya yi sanyi sosai, ita kuwa waccan tana aiki har ta ɗan ƙara ɗumi. Wasu suna barin siririyar hitar bututu mai wat 60 zuwa 120 da na'urar da za ta kunna ta in zafi ya sauka ƙasa da digiri 5, a ɗakin da aka lulluɓe wannan ba ya cin kuɗi sosai.

Farin gam na katako yana son digiri 10 zuwa sama, kuma katakon kansa ne zai kai hakan ba iskar kaɗai ba. Na taɓa haɗa ƙafafun teburi a daren sanyi, da safe gam ɗin ya yi fari kamar alli, ina ɗan bugawa suka rabu. Yanzu in zan yi haɗi tun da rana nake shigar da katakon cikin gida ya sha ɗumi. Gam da fenti mai ruwa in suka daskare sun lalace, batirin lithium na injin huda kuma ba a yi masa caji a ƙasa da digiri sifili, yana lalata shi. Duk waɗannan na zuba su a bokiti ɗaya mai murfi, in shiga da shi in fito da shi. Tsumman da ka goge man linsid da shi kada ka dunƙule ka jefa kwandon shara, yana iya kama wuta da kansa, ka baza shi a waje ya bushe. Tinar sirka fenti da fetur kuma su bar ɗakin in dai akwai abin da yake ja ko yake ci da wuta. Ka rataye abin kashe gobara kusa da ƙofa, ka share garin katako kullum kafin ka rufe.

Jikinka kuma ka taimake shi, don shi ne mafi arhar ɗumamawa: riga mai kama jiki a ciki, suwaita, sai falmaran mai kauri wadda za ta bar hannuwanka su sake, hular sanyi, safa biyu da takalmi mai kaurin ƙasa. Safar hannu dai ka cire ta duk lokacin da za ka kunna zarto ko injin huda, haka mayafin wuya mai reto, inji in ya kama yadi da hannun yake tafiya. In yatsu sun fara mutuwa ka ajiye aikin ka riƙe kofin shayi minti biyar, hannun da ba ya ji bai kamata ya kusanci kaifi ba.

Abin da na kashe gaba ɗaya, ban da aikin mai wuta, ya kama wajen fam 400: alluna da falanki su suka ci fiye da rabi, sauran robar ƙofa, kumfa, salatif, tabarma, ma'auni da hita ta hannu. Ban yi shi a wata ɗaya ba, toshe kafofi da rufi na yi a shekarar farko, bango a ta biyu. In yau fam 50 kawai gare ka, ka sayi robar ƙofa da gwangwanin kumfa da tabarmar roba da ma'aunin zafi, sauran canjin ka fara tara wa allunan rufi, ka kuma sa ido a Marketplace tun daga daren nan.